"Ba a Mayar da Kuɗi Bayan Biya": Abin da Doka Ta Ce Idan Tafiyar Hutu Ta Wargaje

Duk wanda ya taɓa yankar tikiti a tashar mota ko ya kama ɗaki a otal ya san jimlar nan da ake bugawa can ƙasan rasit da ƙananan haruffa: ba a mayar da kuɗi bayan biya. Wasu ma a bango suke rubuta ta da jan fenti, daidai saitin kan mai karɓar kuɗi. Mun saba ganinta har mun ɗauka doka ce. To ba doka ba ce, kuma kotu ta taɓa faɗin haka ƙarara.

A 2021 wani lauya ya yanki tikitin naira 500 a tashar kamfanin Peace Mass Transit, daga Obollo-Afor zai je Enugu. Ya yi ta zaman jiran mota ta cika har ya gaji, ya koma wurin mai tikiti ya ce ya fasa, a ba shi kuɗinsa. Aka ce ai tsarin kamfani bai yarda ba. Da ni ne ko kai, sai mu yi tsaki mu ce mun bar wa Allah. Shi kuwa sai ya garzaya Babbar Kotun Jihar Enugu. A 2022 kotun ta yanke cewa tsarin hana mayar da kuɗi ya saɓa wa doka, ta umarci kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000.

Dokar da ya dogara da ita ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 120 shi ya fi shafar matafiyi. Ya ce duk wanda ya kama gurbi tun kafin lokaci, kujerar mota ce, ɗakin otal ne ko wani aiki da ya biya a yi masa, yana da ikon fasawa. Mai kamfani na iya cire wani abu na fasawar, amma sai gwargwado. Dokar ba ta yanka adadi ba, sai ta ba da ma'auni: wane irin abu aka kama, tun yaushe ka sanar za ka fasa, ko mai wurin zai iya samun wani ya maye gurbinka idan ya yi ƙoƙari, da kuma abin da aka saba yi a wannan sana'ar.

Misali, ka kama ɗakuna biyu a wani otal a Jos don ka kai iyali hutun ƙarshen shekara, sai wani uzuri ya taso saura mako uku, ka kira ka sanar. A irin wannan lokaci da ake rububin ɗakuna, kafin yamma mai otal ya samu wani. Idan ya riƙe kuɗinka duka, ya ci riba biyu a ɗaki ɗaya ke nan, kuma abin da dokar ta zo hanawa ke nan. Amma idan sai da daren ranar ka bugo waya, bayan an kori masu nema saboda kai, kada ka yi mamaki in an cire maka kuɗin kwana guda. Nan da gaskiyarsa.

Akwai wani ɗan layi a sashen da ba kowa ya san da shi ba. Idan wanda aka kama wa gurbin ya rasu, ko an kwantar da shi a asibiti, ba a cire ko sisin kwabo na fasawa. Takardar asibiti ko ta shaidar rasuwa ce hujjarka. Sashe na 129 kuma ya toshe ƙofar baya: ba a yarda kamfani ya rubuta sharaɗin da zai raba ka da haƙƙin da dokar ta ba ka ba, don haka cewa "ai ka gani a rasit kafin ka biya" ba ta wanke shi.

Sai kuma wanda bai fasa ba, ya je, amma ya tarar da abin da ba shi aka nuna masa ba. A hoto ɗaki ne mai na'urar sanyaya wuri da tafkin ninƙaya a tsakar gida. Ka isa da yara a gajiye, ka tarar fanka ce ɗaya tana kuka, tafkin kuma ya bushe tun bara. Dokar ta haramta tallan yaudara, kuma sashe na 130 ya ce aikin da aka biya dole a yi shi kan lokaci, da ingancin da mutum ke sa ran samu. In ba haka ba, ko a gyara ko a mayar maka da wani kaso na kuɗinka daidai da gazawar. Abin yi a nan, tun kafin ka sauke jaka ka ɗauki hoton ɗakin, ka kuma adana hoton tallan da ya jawo ka.

Harkar jirgin sama tana da nata ƙa'idojin daban, a Kashi na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, waɗanda aka sabunta a 2023. A tafiyar cikin gida, idan jirgi ya yi jinkirin awa biyu, kamfani zai ba fasinja ɗan abin taɓawa da abin sha. Idan ya kai awa uku, kana da damar cewa ka fasa a mayar maka da kuɗin tikitinka. Idan kuma jiran ya faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko an rufe filin jirgin, to masauki da motar kaiwa da dawowa a wuyan kamfani suke. Ba alfarma ba ce.

Na taɓa kwana a kan kujerar ƙarfe a wani filin jirgi ana saura kwana biyu Sallah. An ce ƙarfe 4 na yamma, aka mayar 7, aka mayar 9, daga nan mai sanarwa ta yi shiru. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, da jikanta yana barci a cinyarta, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, don Allah je ka tambayo mana, ko ruwa ne su ba mu." Na je, ma'aikacin ya ce, "Ka ba Hajiya haƙuri, manaja ya tashi." Mu wajen mutum tamanin, ba wanda ya san cewa a daren nan otal haƙƙinmu ne, har da ni mai wannan rubutu. Muka yi ta faɗa da ƙaramin ma'aikacin da ba shi da iko a kan komai, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya na ƙorafi.

Idan soke tafiyar aka yi gaba ɗaya, zaɓi naka ne: ko kuɗinka, ko a sa ka a wani jirgin. Bayan wannan akwai diyya, kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, kashi 30 a ta ƙasashen waje, sai dai in an sanar da kai da wuri, wato aƙalla awa 24 kafin tashi a cikin gida, ko kwana bakwai a tafiyar waje. Haka ma idan an sayar da kujeru fiye da na jirgin aka hana ka shiga alhali ka zo kan lokaci da tabbataccen tikiti. A nan ma sai kamfani ya fara neman wanda zai haƙura da kansa a ba shi wani abu, kafin ya tilasta wa kowa.

Mu 'yan Arewa akwai abin da ya kamata mu fahimta game da hazo. Lokacin hunturu ƙura kan rufe sararin Kano, Sakkwato ko Maiduguri har matuƙi ba ya ganin titin sauka. Wannan ba laifin kamfani ba ne, kuma doka ta ɗauke masa biyan diyya idan ya nuna cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya jawo. Diyyar kawai aka ɗauke masa. Kuɗin tikitin da ba a yi tafiya da shi ba yana nan naka. Wanda ya biya da tsabar kuɗi, nan take za a mayar masa. Wanda ya biya ta banki ko ta intanet, cikin kwana 14. Idan aka ce maka "sai dai mu buɗe maka tikitin ka yi amfani da shi wani lokaci", tayi ne aka yi maka, kana iya karɓa, kana iya ƙi. A ƙarshen 2024 hukumar NCAA ta sanar da ɗaukar matakin ladabtarwa a kan kamfanoni biyar, uku na gida biyu na waje, kuma jan ƙafa wajen mayar da kuɗin fasinja na cikin laifuffukan.

Kaya kuma, idan ka sauka jakarka ba ta sauka ba, kada ka bar filin jirgin sai ka cike takardar rahoton kaya, ka riƙe ɗan tikitin nan da ake manna wa a bayan katin shiga jirgi. Ƙa'idar ta tanadi kuɗin biyan buƙatar gaggawa kafin kayan su iso: naira 10,000 a cikin gida, dala 170 a tafiyar waje. Dubu goman nan dai a yau ko takalmi mai kyau ba za ta saya ba, ya kamata a sake dubawa. A tafiyar ƙasa da ƙasa Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki: jakar da ta zo a fashe sai ka rubuta ƙorafi cikin kwana bakwai, wadda ba ta zo ba har kwana 21 ana ɗaukarta ta ɓata, kuma shekara biyu gare ka ka shigar da ƙara, in ta wuce shi ke nan.

Ƙorafi daga kamfanin ake farawa, a rubuce, ba a baki ba. In sun yi kunnen uwar shegu, matsalar jirgi sai a kai wa sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, wanda ke da jami'ai a manyan filayen jirgi da kuma shafi a intanet. Ta otal, ta mota ko ta kamfanin shirya tafiya, FCCPC. Sashe na 146 ya kuma ba ka damar zuwa kotu kai tsaye, kamar yadda lauyan nan na Enugu ya yi.

Duk wannan bayani yana da amfani ne idan wanda ka yi ciniki da shi yana da ofis, da suna, da rajista. Ɗan damfara ba ya jin tsoron sashe na 120, domin kafin ka gano shi ya yi layar zana. A ganina nan ne mutanenmu suka fi asara, ba a hannun kamfanonin jirgi ba. Za ka ga talla a Facebook ko Instagram: Dubai kwana bakwai, biza da tikiti da otal, a farashin da ko tikitin kaɗai bai saya ba, "gurbi uku ya rage". Ko Umarar watan azumi, masauki dab da Harami. Kuɗin kuma a asusun wani mutum za ka tura, ba na kamfani ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Dabarar da ta fi cin mutane ita ce ta tikitin da ba a yanka ba. Ejan, wato dillalin tikiti, na iya kama maka kujera a na'ura ba tare da ya biya ko kwabo ba. Na'urar za ta fitar da takarda mai sunanka, da ranar tafiya, da lambar kama kujera mai haruffa da alƙaluma shida. In ka duba a shafin kamfanin jirgin a ranar, za ka ga sunanka, hankalinka ya kwanta. Bayan 'yan kwanaki, tunda ba a biya ba, na'ura ta soke da kanta, kai kuma sai a filin jirgi za ka ji, da jakunkuna da 'yan rakiya. Tikitin da aka biya yana da wata lamba daban mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne. In babu ita a takardarka, ba tikiti ke hannunka ba. Kuma ko da ejan na gaskiya ne, ka sani cewa idan aka soke tafiya, kamfanin jirgi yawanci ta hannun wanda ya yanki tikitin yake mayar da kuɗi, don haka shi za ka bi.

Irin wannan damfara ta bar sahun saɓanin ciniki, ta zama laifi. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya. Wurin zuwa shi ne 'yan sanda ko EFCC, amma kafin nan ka kira bankinka a ranar da ka gano, domin kuɗin damfara ba ya kwana a asusu ɗaya. Kada ka goge hirarku ta WhatsApp don haushi, ita da shaidar tura kuɗi ne za su yi maka magana.

Game da Hajji da Umara, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, kuma takan fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. Rajistar kamfani a hukumar CAC ba ita ce lasisin ba, kowane mai shago na iya yinta. Wanda kuma ya ce zai kai ka Hajji da bizar ziyara "a shiga ta bayan fage", ya san Saudiyya ba ta yarda ba. A Hajjin 2024 hukumomin ƙasar sun ce mutum 1,301 ne suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba tanti, ba motar ɗauka. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai har riyal 20,000, ga kora, ga hana shiga ƙasar na shekara goma, kuma alhajin ne ke biya, ba ejan da ke zaune a gida ba.