Maganin sa barci da shimfiɗar jijiyoyin jini a lokacin hauhawar sukari

Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya, wadda likitoci ke kira endoteliyom. Ita ce ke fitar da iskar nitirik oksayid da ke sa jijiya ta saki ta buɗe, ita ce kuma ke hana jini daskarewa da hana fararen ƙwayoyin jini mannewa a bango. Robert Furchgott ne ya nuna aikinta na sa jijiya ta saki a 1980, kuma a 1998 ya raba kyautar Nobel da Louis Ignarro da Ferid Murad.

Idan sukari ya yi yawa a jini, yana kwarara cikin waɗannan ƙwayoyi fiye da abin da za su iya ƙonawa, sai mitokondiriya, wato sashen ƙwayar da ke ƙona sukari don samar da ƙarfi, ta riƙa zubar da sinadarin sufa-oksayid, wanda ke haɗuwa da nitirik oksayid ya cinye shi, ya haifar da wani sinadari mai lahani. Jijiya takan kasa buɗewa yadda ya kamata, bangonta ya yi danƙo, kumburi ya fara. Tiyata ita kanta tana ƙara wa wutar iska, domin jiki na sakin sinadaran kotizol da adirenalin, waɗanda ke ɗaga sukari ko ga wanda ba shi da ciwon sukari.

Furofofol, maganin sa barci, farin ruwan nan mai kama da madara da ake turawa ta jijiyar hannu, ya shiga kasuwa a Ingila a 1986. Ƙirarsa ta sinadari ta yi kama da ta bitamin E, don haka yana iya kama gurɓatattun sinadaran oksijin. A ɗakin gwaji, inda ake rainon ƙwayoyin da aka ciro daga jijiyar igiyar cibiya cikin ruwa mai sukari da yawa, an ga yana rage manne-mannen fararen ƙwayoyin jini yana kuma farfaɗo da nitirik oksayid. Sai dai abin da ya faru a faranti bai zama hujja a kan mutumin da ke kwance bisa gadon tiyata ba, kuma furofofol ɗin yana saukar da bugun jini sosai, musamman ga wanda ciwon sukari ya riga ya taɓa jijiyoyin da ke daidaita zuciyarsa.

Magungunan sa barci na shaƙa irin su isofuluran da sebofuluran suna buɗe wasu ƙofofin fotasiyom a jikin ƙwayoyi, abin da ke ba zuciya kariya idan jini ya yanke mata na ɗan lokaci. Gwaji a kan dabbobi ya nuna hauhawar sukari tana rushe wannan kariya, haka ma gilibenkilamid, ƙwayar da masu ciwon sukari da yawa ke sha, domin tana toshe ƙofofin. Buɗewarsu a pankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, kuwa tana rage fitar insulin.

A asibitocin da kayan aiki ke da ƙaranci, kamar na gundumomin jihar Maraɗi, an fi dogara ga maganin sa barci na ketamin da allurar ƙashin baya. Ketamin na ɗaga bugun zuciya da na jini, allurar ƙashin baya kuwa tana dakushe martanin jiki ga yanka, ga shi majinyaci yana farke, yana iya cewa yana jin jiri ko gumi idan sukarinsa ya faɗi. A Nijar ana rubuta awon sukari da giram a lita, kuma ana ƙoƙarin kada ya wuce 1,80 lokacin aiki. Ba a matsa shi ƙasa ƙwarai, tun da babban binciken NICE-SUGAR na 2009 ya nuna cewa tsananta saukar da sukari da insulin ya ƙara yawan mace-mace a ɗakunan kulawa ta musamman.