Idan iyaka ta rufe, ina ciniki yake bi? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin raga

Tun da aka rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ɗalibai da ƴan kasuwa a nan Maraɗi suke tare ni da tambayoyi iri ɗaya game da fannin da nake koyarwa, wato lissafin yadda girgiza ta farat ɗaya take sauya hulɗar ciniki da ƙawance. Na amsa a aji, na amsa a bakin kasuwa, na amsa ta waya. Ga amsoshin a rubuce, kuma ina roƙon duk mai niyyar sake tambaya ya fara karanta su.

Malam, mene ne samfurin raga?

Zane ne na ƙulli da zare. Ƙulli shi ne ɗan kasuwa ko kasuwa ko ƙasa, zare kuma shi ne abin da ya haɗa su, ko kaya ko bashi ko yarjejeniya. Ana cire ƙulli ko a tsinke zare a kwamfuta, sannan a duba wane ne har yanzu yake iya kaiwa ga wane, kuma da wane tsada.

Zai faɗa mini kuɗin tiyar gero nan da wata uku?

Ba zai faɗa ba, kuma ku daina yi mini wannan tambaya. Aikinsa shi ne nuna inda ka rataya, ba duba ba.

Me ya sa rufe wata hanya bai hana komai ba, rufe wata kuma ya girgiza ƙasa?

Saboda ƙulli ba ɗaya ba ne. A 2000, Réka Albert da Hawoong Jeong da Albert-László Barabási sun nuna cewa ragar da take da manyan cibiyoyi kaɗan da ƙananan ƙulli masu yawa tana jure lalacewar da ta faɗo nan da can, amma tana wargajewa da sauri idan cibiyoyin aka nufa. Mun ga duka biyun da idonmu. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an tsayar da manyan motoci tsakanin Ɗan Issa da Jibiya, amma iyakar tana da tsawon kusan kilomita 1,500, ga hanyoyin daji ba iyaka, ga ƴan uwa a kowane ɓangare, don haka kaya suka ci gaba da ratsawa a kan babura da tsada. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta ƙasar Benin a kan kogin Neja kuwa ba ta da ta biyu. Da aka rufe ta a 2023, kwalekwale ya ƙetarar da mutane da buhuna, amma bai iya ɗaukar kwantena ba, sai kayan tashar Kwatano suka koma Lome, suka ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji kafin su iso Yamai, sannan Maraɗi.

Shekara ashirin ina sayen masara a hannun maigida ɗaya a Dawanau. In buɗe hanya ta biyu ko in tsaya a kansa?

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da dama. Lissafi yana cewa mai zare ɗaya ya fi kowa shiga haɗari, amma zare na biyu ba kyauta ba ne. Maigidan da ya ba ka kaya bashi ba takarda ya yi haka ne don ya san cinikinka duka a hannunsa yake, kuma ranar da ka raba shi biyu, mai yiwuwa rangwamen da bashin su ragu. Saboda haka abin da za ka fara aunawa shi ne asarar da za ka yi kowace shekara don riƙe hanya ta biyu, ka ɗora ta a kan asarar da za ka yi idan ta farko ta tsaya wata shida. A nan kuma tarihi yana da abin faɗa, domin iyakar nan ta rufe daga 1984 zuwa 1986, ta rufe a 2019, ta sake rufewa a 2023, ba abin da ake gani sau ɗaya a rayuwa ba ne.

Sai dai ga kuskuren da na fi gani. Mutum zai sami dillali na biyu a cikin Dawanau ɗin, ya ce ya tsira, alhali motocin duka biyun ta Jibiya za su bi, da naira za a biya su, kuma ɗan canji ɗaya ne zai juya masa sefa. A zane zare biyu ne, amma a ƙulli ɗaya suka ɗaure. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna haka, domin ba a rufe hanya ba amma ciniki ya tsaya. Hanya ta biyu tana da amfani ne kawai idan abin da zai kashe ta farko ba zai taɓa ta ba. Idan jarinka ƙarami ne, wataƙila ya fi maka ka haɗa kai da wasu biyu ko uku ku riƙe hanyar tare, ko ka riƙa sayen ɗan kaɗan lokaci zuwa lokaci don kada a manta da kai. Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa sanin nesa, wanda ba na kullum ba, shi ya fi kawo labari da dama daga wajen da'irar mutum. Kuma kada ka ɓoye wa maigidanka, domin idan ya ji a bakin wani, ka tsinke zaren da ya fi ƙarfi da hannunka.

To ke nan duk mun shiga uku?

A'a, ka kwantar da hankalinka. Kasuwar Maraɗi ta ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairu 1994, ta ga yunwar 2005, kuma tana nan, saboda zarenta suna da yawa kuma na zumunci ne.

Da an buɗe iyaka ai komai zai koma yadda yake?

Ba ya komawa, kuma wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe. Wanda ya sha wahalar gina amana da sabon abokin ciniki ba ya yar da ita don tsohuwar hanya ta buɗe, kuma wanda ya karye a lokacin rufewa ba ya nan da za a koma wurinsa. Ƙasashe ma haka suke. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a yarjejeniyar Liptako-Gourma a 16 ga Satumba 2023, suka sanar da ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 28 ga Janairu 2024. An ɗage takunkumin da ƙungiyar ta sa wa Nijar a 24 ga Fabrairu 2024, amma ficewar ta tabbata a 29 ga Janairu 2025. Samfurin da ya ɗauka cewa zaren da ya tsinke zai ɗinke kansa da zarar matsi ya wuce, samfuri ne marar amfani.

Malam, a ina zan sami alƙaluman da zan yi aikin ƙarshen karatuna?

Ba a intanet kaɗai ba, ƴaƴana, kuma na gaji da karɓar aikin da aka kwafo ragar wata ƙasa aka liƙa mata sunan Maraɗi. Tsarin SIMA, wato tsarin bayanan kasuwannin amfanin gona, yana tattara farashin hatsi na kasuwanninmu, kuma da irin waɗannan alƙaluma Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Amma littafin duwan ba ya ɗauke da buhun da ya bi daji, balle bashin da aka ƙulla da baki. Ku je wurin ƴan kasuwa da ladabi, kada ku rubuta sunan kowa, ku tambayi kowannensu wurin wa yake saye, wa yake ba shi bashi, da kuma wa ya fara kira a makon da aka rufe iyaka.