Karatun aikin jin daɗin jama'a haɗe da siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Wasu jami'o'i suna ba ɗalibi damar haɗa karatun aikin jin daɗin jama'a da kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa, ko dai a digiri ɗaya ko a digiri biyu da ake yi tare. Ga tambayoyin da suka fi damun mai niyyar bin wannan hanya.

Me ya haɗa waɗannan fannoni da har za a karanta su tare?

Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne wanda ke zama da mutum a lokacin da rayuwa ta yi masa tsanani, kamar yaron da ake cutarwa a gida, ko tsohon da ya rasa mai kula da shi, ko wanda ya fito daga gidan yari bai san inda zai dosa ba. Kimiyyar siyasa tana nazarin yadda ake samun iko da yadda ake rabon dukiyar jama'a, hulɗar ƙasa da ƙasa kuwa tana duba yaƙi da sulhu da yarjejeniyoyin da ke tsakanin gwamnatoci. Wanda ya kalle su daga nesa zai ga kamar babu abin da ya gama su, amma duk taimakon da ma'aikacin zai iya yi wa wanda ke gabansa doka ce ta shata masa iyaka, kasafin kuɗi kuma shi ke tanadar abin yin aikin ko ya hana shi. Masanin siyasa Michael Lipsky ya yi bayani a 1980 cewa manufar gwamnati tana zama gaskiya ne a hannun ƙananan ma'aikatan da ke ganawa da jama'a ido da ido, domin su ke yanke wanda za a saurara yau da wanda zai jira. Ma'anar sana'ar da manyan ƙungiyoyinta biyu na duniya suka amince da ita a Melbourne a 2014 ta sanya adalci a cikin al'umma da haƙƙin ɗan Adam a cikin ginshiƙanta, waɗannan kuwa batutuwa ne na siyasa tsantsa.

Shin haɗin sabon abu ne?

Ko kusa. Jane Addams, ɗaya daga cikin magabatan aikin jin daɗin jama'a, wadda ta buɗe gidan taimakon marasa ƙarfi na Hull House a unguwar baƙin haure ta birnin Chicago a 1889 tare da Ellen Gates Starr, ita ce ta shugabanci taron mata na neman zaman lafiya a birnin Hague a 1915 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. A 1919 aka kafa kujerar farfesa ta farko a fannin siyasar ƙasa da ƙasa a jami'ar Aberystwyth da ke Wales, a wannan shekarar ce kuma Eglantyne Jebb da 'yar'uwarta suka kafa ƙungiyar agaji ta Save the Children saboda yaran da yunwa ta addaba bayan yaƙin. Daftarin da Jebb ta rubuta ne ya zama sanarwar Geneva kan haƙƙin yara ta 1924. Ɓarnar yaƙi ɗaya ce ta sa wasu suka duƙufa kan dalilin da ke sa ƙasashe faɗa, wasu kuma kan yadda za a ceci waɗanda faɗan ya rutsa da su.

Ta yaya ilimin yarjejeniyoyin duniya zai amfani wanda aikinsa zama da mutum ɗaya ne?

A ce yaro ya iso wata ƙasa shi kaɗai, babu fasfo, babu takardar haihuwa, abin da ke hannunsa kawai lambar wayar wani kawunsa ce a wata guntuwar takarda da ruwa ya ɓata rabin lambobinta. Ya ce shekarunsa 15, jami'in shige da fice kuma ya dubi tsayinsa ya ce ya haura 18. A takardar da ke gaban ma'aikaciyar da aka haɗa shi da ita akwai ɗan gurbi na ranar haihuwa, kuma abin da aka rubuta a gurbin nan shi zai yanke ko yaron zai kwana a gidan reno ya tafi makaranta, ko za a kai shi masaukin manya. A Ingila ma'aikatan jin daɗin jama'a suna cikin masu tantance irin waɗannan shekaru, bisa ƙa'idojin da suka samo asali daga hukuncin wata kotu a shari'ar ƙaramar hukumar Merton a 2003.

Ma'aikaciyar da ta karanci hulɗar ƙasa da ƙasa ta san cewa sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya hana a mayar da mutum inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Ta san cewa yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta wajabta a sashe na 3 a duba abin da ya fi zama maslaha ga yaro, a sashe na 12 kuma a saurari ra'ayinsa. Ta kuma fahimci rikicin da ya koro shi, saboda haka idan ya yi shiru da aka kawo tafinta daga wata ƙabila, ba za ta ɗauki shirun a matsayin alamar ƙarya ba, za ta nemi a sauya tafintan. Idan kawun yana wata ƙasa, ta san akwai hukumomi irin su International Social Service, wadda aka kafa a 1924, da ke bin sawun dangi a ƙetare.

Ba gara ma'aikaci ya tsaya kan tausayi ya bar siyasa ga 'yan siyasa ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so ɗalibi ya daɗe a kanta, domin tarihin sana'ar yana da tabo. A Ostareliya hukumomi sun shafe shekaru masu yawa, har zuwa wajen 1970, suna raba yaran 'yan asalin ƙasar da iyayensu da sunan kyautata rayuwarsu, sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisar dokoki. A Kanada ma, musamman a shekarun 1960, jami'an kula da yara sun kwashi dubban yaran 'yan asali suka miƙa su ga wasu iyalai. Da yawa daga cikin waɗanda suka aiwatar da wannan aiki sun yi imani da cewa alheri suke yi. Abin da suka rasa shi ne ido na ganin manufar da ake amfani da su wajen cimmawa, da ƙarfin halin tambayar wanda ya rubuta dokar da kuma wanda ba a shawarta ba. A Jamus ta zamanin Nazi an mayar da hukumomin jin daɗin jama'a kayan aikin wariya, aka kori Alice Salomon, wadda ta kafa makarantar horar da mata wannan aiki a Berlin a 1908, daga ƙasar a 1937.

Sanin siyasa bai ba ma'aikaci damar shigar da jam'iyyarsa cikin ofis ba. Wanda ya zo neman taimako yana da haƙƙi iri ɗaya ko wa ya zaɓa.

Me ake karantawa a darussa?

A ɓangaren sana'a akwai yadda ɗan Adam ke girma, da dokokin iyali da na lafiyar ƙwaƙwalwa, da dabarun yin hira da rubuta rahoto, da ɗa'ar aiki. A ɗaya ɓangaren akwai tsarin gwamnatoci, da dokar ƙasa da ƙasa, da tarihin yadda gwamnati ta fara ɗaukar nauyin marasa ƙarfi, tun daga inshorar lafiya ta Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, a 1883 zuwa rahoton Beveridge na 1942 a Birtaniya.

Digirin zai ba mutum izinin yin aiki a matsayin ƙwararre?

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, saboda haka a bincika tun kafin a cike takardar neman gurbi. A ƙasashe da dama doka ta kare sunan sana'ar, ba mai amfani da shi sai wanda ya yi rajista da hukumar da ke kula da ita, hukumar kuma ba ta karɓar kowane digiri sai wanda ta amince da manhajarsa. A Ingila ana bukatar kwana 200 na koyon aiki a aikace. A Amurka digirin farko da aka amince da shi yana ɗauke da aƙalla awa 400 na horo a wurin aiki, na biyu kuma awa 900, sannan kowace jiha tana da dokar lasisinta. Akwai kuma bambanci tsakanin digirin aikin jin daɗin jama'a da digirin nazarin manufofin jin daɗin jama'a, wanda sunansa ya yi kama da na farko amma galibi ba ya kai mutum ga rajista. Domin horon a aikace yana cin lokaci sosai, digirin da aka haɗa yakan fi na fanni ɗaya tsawo. Wanda ke son yin aiki a wata ƙasa kuma ya sani cewa rajistar ƙasa ɗaya ba ta bin mutum zuwa wata kai tsaye.

Ina masu wannan karatu ke samun aiki?

Da yawa suna shigowa da burin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko UNICEF, buri ne mai kyau, amma guraben kaɗan ne kuma sukan nemi gogewar shekaru da harshe fiye da ɗaya. Yawancin mutane suna farawa ne a ma'aikatun gwamnati, da asibitoci, da kotunan yara, da ƙungiyoyin agaji, daga nan wasu su koma tsara manufofi ko ba 'yan majalisa shawara. A ganina wanda ya shekara biyar yana ziyartar iyalai ya fi cancantar rubuta doka a kansu fiye da wanda ya san su a alƙaluma kawai.

Wace wahala ce ya kamata ɗalibi ya shirya mata?

Fannonin biyu suna neman hali daban-daban. A ajin siyasa ana yaba wa mai kaifin muhawara, a wurin horo kuwa ana so ɗalibi ya iya yin shiru na mintuna yana sauraron uwar da aka zo duba 'ya'yanta, ba tare da ya katse ta da ra'ayin wani masani ba. Akwai kuma nauyin da ke bin mutum gida bayan ya ji labarin fyaɗe ko azabtarwa, ga shi dokar riƙe sirri ta hana shi faɗa wa abokai. Saboda haka sana'ar ta tanadi zama na lokaci-lokaci da gogaggen mai duba aiki, inda ɗalibi zai baje abin da ya gani a tattauna hukuncin da ya yanke. Ya kamata mai neman gurbi ya tambayi jami'ar sau nawa ake wannan zama a lokacin horo, da kuma ko ita ce ke nema wa ɗalibai wurin horon ko kuwa ɗalibi ne zai nema da kansa.