Jemage na yi mana aiki, amma ba abin taɓawa ba ne

Kwanan baya wani manomi ya nuna mini bidiyo a wayarsa: maciji ya sako kansa daga ƙolin bishiya, yana lanƙwasa a iska har ya dira kan wata. Ya ce, "Malam, wannan ba haɗi ba ne?" Ba haɗi ba ne. Akwai irin wannan maciji a dazukan kudu maso gabashin Asiya, yana buɗe haƙarƙarinsa ne jikinsa ya yi faɗi, iska ta tallafe shi. Sai dai gangarowa yake yi a hankali, ba ya iya komawa sama. Na ce masa wanda ya fi wannan ban mamaki yana nan rataye a mangwaron ƙofar gidansa. Duk cikin dabbobin da ke shayar da 'ya'yansu nono, jemage kaɗai ke tashi da fiffike, kuma fiffiken nan yatsun hannunsa ne dogaye da fata ta haɗe.

A aikina na malamin gona, ina jin takaici idan na ga yara da danƙo suna kakkaɓo jemagu, ko an cinna wuta a kogon bishiya don a kore su. Ku lura da ɗorawa lokacin da take fure. Jan furen nan mai reto da dare yake fitar da zaƙinsa, jemage ya zo ya lasa, garin furen ya manne masa a gashi, ya kai wa wata bishiyar. Da haka ɗorawa ke ɗaura 'ya'ya, a samu kalwa, a samu daddawa. Kuka ma farin furenta da magariba yake buɗewa saboda wannan baƙon, haka rimi. Ƙananan jemagun da ke shawagi bayan sallar magariba kuwa ƙwari suke kamawa, har da masu ɓata amfanin gona.

Amma jemage na ɗauke da ƙwayoyin cuta waɗanda shi ba lallai su kwantar da shi ba, mutum kuwa su kai shi kabari. Tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare a jikin jemage a Legas. Cutar Marburg, mai zazzaɓi da zubar jini, tana jikin wani jemage mazaunin kogo da ramukan ma'adinai, kuma ta ɓulla a yankin Ashanti na Ghana a 2022. Masu shiga ramin zinariya, wannan magana taku ce. Kisa kuma ba magani ba ne: a Uganda an taɓa hallaka jemagun ramin Kitaka, wasu suka dawo suka cika shi, aka tarar cutar ta fi yawa a jikin sababbin.

Don haka a bar shi a sama. Wanda ka gani a ƙasa da rana yana jan jiki, mai yiwuwa ba shi da lafiya, kada yaro ya ɗauka, kada a bar kyanwa ko kare su yi wasa da shi. Fiɗarsa da taɓa jininsa sun fi komai haɗari, a haƙura da namansa. Mangwaro ko kaɗen da aka tsinta da shaidar haƙori a zubar, iyaye mata ku ja kunnen yara a kan wannan. Idan jemagu sun tare a rufin ɗaki, a jira su fita kiwo da dare a toshe kafar, amma ba lokacin da suke da jarirai ba. Kashinsu a yayyafa masa ruwa, a rufe hanci da baki kafin shara. Rijiya da randa a rufe su.

In kuwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da ciwon bai kai tsinin allura ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa jemage ne, domin a fara allurar rigakafin haukan kare kafin wata alama ta bayyana.