Abin da doka ke nema kafin a buɗe gidan kula da manya a Ingila

Wanda tsufa ko naƙasa ta kai shi gidan kulawa ya damƙa wankansa da maganinsa da barcinsa a hannun mutanen da bai sani ba. Shi ya sa a Ingila kuɗi da gini ba su isa a buɗe irin wannan gida ba. Dokar lafiya da kula da jama'a ta 2008 ta wajabta yin rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan ingancin asibitoci da gidajen kulawa, wadda ta fara aiki a 2009, kuma gudanar da gida ba rajista laifi ne da ke kai mutum kotu. In kamfani ne ke da gidan, manajan ma sai an yi masa rajista da sunansa. Wannan tanadin ya kwanta min a rai, domin ranar da abu ya lalace akwai wanda za a tambaya.

Mai ziyara yakan kalli fenti da kujeru, amma mai bincike har famfo yakan taɓa. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ita ce ruwan da ke zuba a bahon wanka kada ya wuce digiri 44, domin fatar tsoho ba ta da kauri, kuma mai ciwon mantuwa yana iya ƙonewa bai iya fita ko kiran kowa ba. Tagar da mutum zai iya faɗowa ta cikinta ana sa mata ƙarfen da zai hana ta buɗewa fiye da santimita 10.

Sai wuta. A Janairun 2004 gobara ta tashi a wani kabad a gidan kula da tsofaffi na Rosepark da ke Sikotland, mutum 14 suka rasu. Hayaƙi ne ya shiga ɗakunan da aka bar ƙofofinsu a buɗe, aka kuma yi jinkirin kiran 'yan kwana-kwana. Sikotland dokarta daban ce, amma duk inda ka ga ana nacewa kan ƙofar da ke rufe kanta da atisayen fitar da marasa ƙarfi cikin dare, irin wannan asarar ake gudu.

Ma'aikaci kuwa sai an binciki tarihinsa na laifi kafin ya kama aiki. Inda nake ganin rauni shi ne yawansu: ƙa'idojin da aka fitar a 2014 ƙarƙashin waccan doka ta 2008 sun ce a samu isassun ma'aikata masu horo, ba su faɗi adadi ba. Ƙarfe uku na dare, mutum biyu sun yi faɗuwa lokaci guda, a nan ake gane ko sun isa.

Kulle ƙofa ma da sharaɗinsa. In mazaunin gida ba ya iya yanke wa kansa shawara, kuma ana son hana shi fita don kare shi, dole gidan ya nemi izinin ƙaramar hukuma bisa dokar 2005 da ta shafi masu raunin hankali.

Bayan bincike CQC na sa gida a ɗaya daga matakai huɗu, daga mafi nagarta zuwa wanda ya gaza, kuma wajibi ne a liƙa sakamakon inda baƙi za su gani da kuma a shafin gidan na intanet. Gidan da ya ƙi gyarawa ana iya hana shi karɓar sababbin mutane, ko a soke rajistarsa ɗungurungum.