Dokar Ɗibar Ruwa a Kogin Suskwahana: Tsakanin Masu Haƙar Gas da Kifin Tirawut

A ƙarƙashin jihar Pensilbaniya ta Amurka akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ake kira Marselas, iskar gas na maƙale a cikinsa. Kafin gas ɗin ya fito sai an tsattsaga dutsen, kuma da ruwa ake wannan aiki: a cakuɗa shi da yashi da sinadarai, a ɗura cikin rijiyar gas da matsanancin ƙarfi. Rijiya guda takan sha galan miliyan 4 zuwa 5, wato lita miliyan 15 zuwa 19, na baya-bayan nan masu dogon zango ma sun zarce haka. Akasarin ruwan daga koguna da ƙoramu ake zuƙo shi, ga shi kuwa a waɗannan ƙoramu masu sanyi ne kifin tirawut ke rayuwa. Wani nau'insa ma shi ne kifin da jihar ta ɗauka alamarta tun 1970.

A ɓangaren jihar da ruwansa ke gangarawa kogin Suskwahana, wadda ke da wuƙa da nama a kan ruwan ita ce Hukumar Kwarin Kogin Suskwahana, SRBC a taƙaice. An kafa ta ne bisa yarjejeniyar da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a watan Disamban 1970, tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi uku da kogin ya ratsa: Niyok, Pensilbaniya da Merilan. Tsawon kogin ya kai kilomita 715, tun daga tafkin Otsego har ya faɗa mashigin Cesafik.

Ƙa'idarta ta asali mai sauƙi ce. Duk wanda zai ɗebi galan 100,000 ko fiye a rana sai ya nemi izini. Haka wanda zai yi amfani da galan 20,000 a rana ta yadda ruwan ba zai koma kogi ba. Ana lissafin ne bisa matsakaicin kwana 30. Amma da kamfanonin gas suka kwararo, a 2008 hukumar ta cire musu wannan rangwame: su kam ko galan guda za su ɗiba, sai da takarda. Kuma duk abin da suka ɗiba ana ƙirga shi a matsayin ruwan da ya tafi ke nan, don mafi yawansa yana zama can ƙarƙashin ƙasa, wanda ya dawo kuma ya yi gishirin da ba mai mayar da shi rafi.

Zuciyar dokar tana cikin wani sharaɗi da ake liƙa wa izini da yawa: akwai adadin ruwan da tilas a bari ya wuce. Kamfani ya zura bututu a ƙorama, bakinsa da raga don kada ya haɗiye ƙananan kifaye, ga injin zuƙo ruwa, ga mita tana ƙirga kowane galan, ga tankoki sun yi layi. Kullum sai ya duba ma'aunin gudun ruwa, galibi na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Ranar da ma'aunin ya sauka ƙasa da lambar da aka rubuta a takardarsa, a kashe inji. Ba sai gwamna ya ayyana fari ba, ba sai an aiko da wasiƙa ba. An ga amfanin wannan a watan Yulin 2011 da na 2012, lokacin da ruwa ya ja baya aka tsayar da ɗiba a gomman wurare, mafi yawansu na kamfanonin gas.

Me ya sa ake wannan taka-tsantsan, alhali kamfanonin na cewa abin da suke ɗiba bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da girman kogin? A wannan suna da gaskiya. Sai dai tirawut ba a tsakiyar babban kogi yake zama ba, can saman duwatsu yake, a ƙoramar da mutum zai tsallake da taku uku. Ruwa in ya ragu yakan yi saurin ɗumi, in ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, shi kuwa wannan kifi da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Selshiyos ya shiga wahala. Da kaka macen ke share ɗan gurbi a cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai, ta rufe. Ƙwan na nan duk tsawon hunturu, ruwan da ke ratsa tsakuwar ne ke raya shi. In gefen ƙorama ya bushe na kwana kaɗan, haihuwar shekara guda ta salwanta. Shi ya sa a Disamban 2012 hukumar ta fito da sabon tsari wanda ke duba girman ƙorama da kuma wata-wata, ƙananan ƙoramu su fi samun kariya.

Duk da haka masu fatsa da ƙungiyoyinsu, irin su Trout Unlimited, hankalinsu bai kwanta ba, kuma ina ganin ƙorafinsu na da tushe. Ba kowace ƙorama ke da ma'auninta ba, sau da yawa da na wani rafi mai nisa ake yi mata kirdado. Ƙoramu dubbai kuma ba a ma taɓa bincika ko da kifi a cikinsu ba, sai a 2010 Hukumar Kifi da Jiragen Ruwa ta jihar ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Sannan izinin SRBC a kan yawan ruwa ya tsaya. Laka daga hanyoyin tankoki ko malalar sinadari, wannan hurumin ma'aikatar kare muhalli ta jihar ne.

Mai ƙorafi yana da ƙofa: ana sanar da kowace buƙatar ɗibar ruwa, a saurari jama'a, kafin kwamishinonin SRBC su kaɗa ƙuri'a a zamansu na duk wata uku. Abin da ke ban mamaki shi ne waɗanda ke kan teburin. Niyok ta haramta wannan salon haƙa a ƙasarta a 2015, Merilan ta bi sahu a 2017, amma har yau wakilansu na cikin masu yanke hukunci a kan ruwan da za a ba rijiyoyin Pensilbaniya.