Wai mene ne hashtag ɗin nan da ake ta cewa a saka?

Jiya da yamma a Tudun Wada wani kawuna ya miƙo min wayarsa, ya ce "kai ɗan nan, wannan alamar da ake sakawa a ƙarshen *310# me take yi a gaban sunan mutum?" Na yi dariya amma fa tambayar tana kan hanya, da yawanmu muna sakawa ne kawai don mun ga ana yi.

Hashtag dai ita ce alamar # idan aka manna ta a jikin kalma ba tare da an bar fili ba. Gidajen rediyo kan ce mata maudu'i. Da ka latsa ta sai ta kwaso maka duk rubutun da aka yi da wannan kalmar, na Kawo da na Legas da na Landan, a wuri guda. Na ce Kawu ka ɗauka tasha ce, kowa da garin da ya fito amma mota ɗaya za a shiga. Wani Ba'amurke mai suna Chris Messina ne ya kawo shawarar a Twitter a 2007, don a riƙa ware hira kawai. Idan mutane suka yi ta amfani da ita cikin ɗan lokaci sai a ce tana tirendin, wato tana tashe, daga nan 'yan jarida su ɗauka, hukuma kuma ta fara jin zafi.

Haka aka yi da #BringBackOurGirls bayan an sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, har Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta ɗaga takarda da rubutun. #EndSARS kuma ta sa an sanar da rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoban 2020, amma a nan mutane sun fito kan titi ne, ba a waya abin ya tsaya ba.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce tamu ta nan gida, #WhereIsDadiyata. Abubakar Idris da aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a mai yawan rubutun siyasa, wasu mutane suka ɗauke shi da daddare a gidansa da ke Barnawa, Kaduna, a farkon Agustan 2019, shekaru suka yi ta wucewa babu amo babu labari. Hashtag ba ta dawo da shi ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da ta yi shi ne ta hana a binne maganar, duk Agusta sai ta sake tasowa, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta yi magana, a sake tambayar hukuma ina aka kwana.

Inda muke kwafsawa shi ne rubutun. Wani ya bar fili a tsakiya, wani ya ƙara harafi, wani ya ƙirƙiro tasa daban don a ce shi ya fara, sai taron ya watse gida biyar. Ga masu tallan atamfa da turaren wuta da ke laƙaba hashtag ɗin neman adalci a ƙasan hajarsu don a gani, wallahi wannan yana ƙona min rai. Sai masu ɗora tsohon hoto na wata ƙasa, da an gano ƙarya ce shi kenan an ba masu ƙaryata lamarin makami.

Kawu dai ya karɓi wayarsa, ya ce in rubuta masa ta Dadiyata a takarda harafi-harafi kar ya yi kuskure.